Wane batir zan ƙara wa mota saboda firij idan mun fita daji?

Abban_Hanif ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana harkar wutar mota ku taimaka min da shawara. Ina da ƙaramin firij na mota mai lita 45, irin mai kwamfiresa, wanda ake jona shi da 12V, kuma mukan fita da iyali mu yada zango a daji kwana biyu zuwa uku. Matsalar ita ce yanzu a soket ɗin sigari na mota nake jona shi, in muna tafiya lafiya lau yake aiki amma da zarar an kashe mota hankalina baya kwanciya, ina tsoron a wayi gari mota ta ƙi tashi a inda babu ko mai tura ka. Shi yasa nake so in ƙara batir na biyu wanda zai riƙe firij ɗin shi kaɗai da sauran tarkace.

Abubuwan da zan ɗora masa ba wasu masu yawa bane, firij ɗin, fitilun LED guda biyu da daddare, cajin wayoyi kamar huɗu, sai ƙaramar fanka ta 12V da yara ke kwana da ita in ana zafi.

To inda na rikice shine kowa da abinda yake faɗa. Wani yace kawai in sayi batir irin na mota babba in haɗa su da waya shikenan, wani yace AGM, wani kuma yace duk ɓata kuɗi ne in ba lityum ba. Sannan ga maganar isoleta da wata caja wai DC-DC, ban ma san ko dole ne sai da su ba. Tambayata, wane iri ya dace, Ah nawa zai ishe ni, kuma ta yaya zai dinga samun caji ba tare da ya taɓa batirin tada mota ba? Nagode.

Sabo_Rewaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Abban Hanif. Kafin a je ga wane iri, zauna da biro da takarda tukuna, don yawancin masu zuwa wajena da kukan batir ya mutu ba batirin ne da laifi ba, lissafi ne ba a yi ba tun farko.

Firij mai kwamfiresa irin naka baya cin wuta a jere, yana tashi ya yi sanyi ya tsaya, ya sake tashi. Lokacin da kwamfiresan ke juyawa zai ja wajen 4A, wato amfiya huɗu, wani ƙasa da haka kaɗan wani sama, ka duba takardar da ke manne a jikinsa zaka gani. In gari da sauƙi kuma yana inuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na yini yake aiki, wato awa 8 cikin 24, 8 sau 4 ya baka 32Ah, wato amfiya sau awa, ma'aunin da ake auna yawan wutar da batir ke riƙewa da shi. In ana zafi sosai ko yara na ta buɗewa suna rufewa ko an zuba masa kaya masu ɗumi, sai ya koma aikin rabin yini, awa 12, kaga 48Ah kenan. In kuma ka saukar da shi ya zama firiza can wajen digiri 18 ƙasa da sifili to ka manta da wannan lissafin, zai iya kusan ninkawa.

Sauran kayan naka ƙanana ne. Fitilu biyu in jimillarsu wat 10 ne, ƙasa da 1A suke ja, awa huɗu bai wuce 4Ah ba. Wayoyi huɗu ka basu 7Ah. Fanka in tana jan 1A ta kwana awa shida ko bakwai, 7Ah. Ka tara duka zaka ga kana wajen 50Ah a yini in gari da daɗi, 65Ah in ana zafi. Wannan lambar ita ce komai naka, riƙe ta.

Yanzu batun batir. Wanda yace maka ka sayi batir irin na tada mota, a'a. Shi wannan an yi shi ne da siraran faranti masu yawa a ciki don ya bada wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa kaɗan ya juya inji, daga nan altaneta ta mayar masa da abinda ya fitar. In kana zuƙe shi a hankali har ƙasa kowane dare, farantan ke lalacewa, ba zai daɗe ba zaka ga ya daina riƙe caji. Wanda ake yi don irin aikinka farantansa masu kauri ne, shi ake kira dip saikul. Na tada mota dokin sukuwa ne, kai kuma jakin dako kake nema.

Sai abinda masu sayarwa basa son faɗa, 100Ah da aka rubuta a jikin batirin dalma, ko mai ruwa ne ko AGM ko jel, ba duka ne naka ba. In kana so ya yi maka shekaru kar ka dinga wuce rabi, wato 50Ah ne kawai abin kashewarka. Kaga AGM mai 100Ah yini ɗaya cif zai kai ka in baka tada mota ba kuma babu sola. Lityum irin LiFePO4 mai 100Ah zaka iya cin 80 zuwa 90 a ciki ba damuwa, wato yini ɗaya da rabi ko fiye kaɗan. To kwana uku a tsaye wuri ɗaya kana buƙatar 150Ah ko sama, babu ɗaya a cikinsu da zai kai ka shi kaɗai, sai dai ka ɗauki 200Ah na lityum ko kuma ka samar da hanyar mayar da abinda ka ci kullum. Ni na biyun nake ba mutane shawara.

Don haka faɗa mana, in kun sauka kuna zama ne wuri ɗaya har a tashi ko kullum kuna ɗan zagayawa da motar? Kuma motar ta wace shekara ce, sannan ina kake da niyyar ajiye batirin, cikin bonet ko a but?

MaiTafiya77 ya rubuta:

Oga Sabo ya gama magana a kan lissafi, amma ni dai bari in ɗan kare AGM don naga yanzu kowa ya koma lityum lityum kamar wanda bai saya ba ya yi laifi. Ni AGM mai 120Ah nake amfani da shi da isoleta ta talakawa, irin wadda ke jin ƙarfin wuta da kanta, in inji ya tashi wuta ta haura wajen 13.3V sai kaji ƙas ta haɗa batiran biyu suna caji tare, in ka kashe mota wuta ta sauko wajen 12.8V sai ta raba su, firij ya ci nasa na tada mota na nan ba a taɓa shi ba. Ba wani abu mai wahala a ciki, waya ce mai kauri da fiyus biyu da ita isoletar, ko a daji ta samu matsala kana iya gane inda take da ƙaramar mita.

Kuma AGM a rufe yake, baya zubar da ruwa, ba sai ka dinga ƙara masa ruwan batir ba, yana jure girgizar hanya mara kyau. Wani amfanin kuma, ranar da batirin gaba ya kwanta kana iya ɗauko wuta daga AGM ka tada mota, lityum na firij yawancinsu ba a yi su don wannan ba, na'urar da ke cikinsu zata yanke wuta da zarar ka murza makulli.

Inda zan yarda da masu lityum shine nauyi, wlh nawa ya haura kilo 30, in zaka sauke shi daga but sai ka gyara tsayuwa. Sannan baya son a bar shi a kwance babu caji, in kun dawo gida ka jona shi da caja a ranar ya cika taf, in ka bar shi sati biyu uku a rabi wani farin gishiri ke kama farantan daga ciki kuma ƙarfin da ya tafi ta nan baya dawowa duka. Mita zata nuna maka, in ya huta ba kaya a kansa 12.8V cike yake, in ka ga 12.2V ka kai rabi, tsaya haka.

Abu ɗaya dai Abban Hanif, kar ka yarda a sa maka batir mai ruwa a cikin mota inda mutane ke zama ko kwana. In yana caji yana fitar da iskar haidurojin, ita kuma tartsatsi kaɗan take jira. In dole sai shi to a akwati mai bututun da ke fitar da iska waje.

In fitarku sau kaɗan ce a shekara ni banga dalilin kashe kuɗin lityum ba, daidai ruwa daidai tsaki.

Injiniya_Bilkisu ta rubuta:

Malam MaiTafiya, isoletarka na aiki ne saboda motarka na da altaneta irin ta da, wadda ke tsayawa a wajen 14V muddin inji na juyawa. Ba kowace mota ce haka ba yanzu, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Motoci da yawa na baya-bayan nan kwamfutar mota ce ke juya altanetar don a rage shan mai, in ta ga batirin gaba ya samu abinda ya ishe shi sai ta sauke wuta zuwa 12 da ɗoriya, in ka ɗaga ƙafa daga totur ko kana taka birki sai ta harba ta kusan 15V. Isoleta mai jiran 13.3V a irin wannan motar haɗawa zata dinga yi tana rabawa, ka yi tafiyar awa huɗu ka isa ka tarar batirin baya ko rabi bai samu ba, kai kuma kana ta zagin kamfanin batir.

Wannan shine aikin cajar DC-DC. Tana karɓar duk abinda ya zo daga gaba, ko 12.5V ne ko 15V, ta gyara shi zuwa daidai abinda batirin baya ke so, kuma ta ƙayyade yawan wutar da zata ja, misali 25A ko 40A, bata wuce haka. Ita ma tana raba batiran in an kashe mota, don haka ba sai ka ƙara isoleta ba. Da yawansu suna da wurin jona sola mai MPPT a jiki, wato kontirolar da ke daidaita wutar sola kafin ta shiga batir, kaga an huta da sayen kontirola daban.

In lityum zaka sa, ni a wajena DC-DC ba zaɓi bane ko da tsohuwar mota ce. Lityum in ya yi ƙasa yana shan duk wutar da aka bashi baya cewa ya isa, in ka haɗa shi kai tsaye da altaneta zai iya sa ta aiki a ƙarshen ƙarfinta na tsawon lokaci, musamman mota na tsaye inji na juyawa a hankali iska bata ratsa ta sosai, ta yi zafi ta ƙone. Ga kuma wani abu, cikakken lityum in ya huta yana zama a 13.3V ko sama, to isoleta mai jin wuta ta ɓangare biyu zata ɗauka inji na aiki ne ta ƙi rabawa.

Me yasa duk da haka nake cewa lityum? Ba don nauyi kaɗai ba, duk da 100Ah nasa bai wuce kilo 12 ko 13 ba. Saurin caji ne. Abban Hanif na cin 50Ah a yini, da DC-DC mai 25A tafiyar awa biyu ta mayar masa da shi kusan duka, don lityum na karɓar wutar a cike har ya kusa cika. AGM kuwa yana sauri har zuwa wajen kashi 80, daga nan sai ya fara tsotsa a hankali, ragowar sai an ɗauki awanni, kuma mai yawon daji ba kasafai yake samun waɗannan awannin ba, sai batirin ya yi ta rayuwa tsakanin rabi da kashi 80, abinda ke kashe shi da wuri kenan. Lityum bai damu da a bar shi a rabi ba, in ma ajiya zaka yi ta watanni ya fi son haka. Wajen daɗewa kuma, AGM ɗaruruwan zagaye na cikawa da zuƙewa ake lissafa masa, LiFePO4 dubu biyu zuwa sama.

Amma shima yana da nasa dokokin. Ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da sifili, yana lalata ƙwayoyin ciki, don haka in kuna zuwa wurare masu tsananin sanyi ka tabbatar BMS ɗinsa, wato na'urar da ke cikin batirin tana kare shi, na da kariyar da ke hana caji a sanyi, wasu ma suna da abin ɗumama kansu. Baya son zafin bonet ko kaɗan. Kuma ba zaka gane saura nawa a ciki da mitar bolt ba, don yana zama tsakanin 13.0V da 13.3V kusan duk tsawon aikinsa sai dab da ƙarewa ya faɗo gaba ɗaya, kana zaune kawai kaga fitila ta ɗauke. Ka sa masa mita mai shant wadda ke ƙirga abinda ya shiga da wanda ya fita, ko ka ɗauki mai Bluetooth da ke nuna maka a waya.

Ka kuma lura da abinda aka rubuta, LiFePO4 nake nufi ba irin lityum na waya ko kwamfuta ba, shi ya fi su natsuwa nesa ba kusa ba wajen zafi da kama wuta. Kuma ka guji wanda aka rubuta 200Ah a jiki amma ka ɗaga kaji kamar ba komai a ciki, araha bata ado.

Abban_Hanif ya rubuta:

Kai masha Allah, nagode ƙwarai Oga Sabo, Malam MaiTafiya da Hajiya Injiniya, yanzu na fara ganin gaba. Amsar tambayoyin, yawanci in mun sauka zama muke wuri ɗaya, sai dai ɗan fita kaɗan da bai kai awa ɗaya ba. Motar ba tsohuwa bace sosai amma ban san ko altanetarta irin wadda Hajiya ta faɗa bace, ya zan gane? Batirin kuma da na so a bonet don akwai ɗan fili a gefe kuma but ɗin kaya ke cika shi, amma naji ana maganar zafi.

Sai kuma uwargida ta ce in tambaya, in an sa inbata za a iya jona butar dafa ruwa ta lantarki? Wat 1000 aka rubuta a gindinta.

Sabo_Rewaya ya rubuta:

Gane altaneta ba wuya. Samu ƙaramar mita irin wadda ake cusawa a soket ɗin sigari tana nuna bolt, ka tada mota ka yi tafiya ta minti ashirin wani na kallon mitar, fitilu da AC a kashe. In ta tsaya tsakanin 13.8V da 14.4V bata motsi sosai, irin ta da ce. In ka ga ta sauko 12.5V ko kusa da haka kana tafiya, sannan ta yi tsalle sama in ka saki totur, to mai wayon ce. Wata alamar, buɗe bonet ka duba kan batir na nagatib, in ka ga wani ɗan ƙaramin akwati baƙi manne da shi da siririyar waya na fita, sansa ce da ke ƙirga wuta. In akwai ta, duk wanda zai maka aikin kar ya ɗaura wayar nagatib ɗin cajar a kan batirin kai tsaye, a jikin bodin mota ake ɗaurawa, in ba haka ba kwamfutar bata ganin wutar da ake ja sai lissafinta ya rikice. Kuma DC-DC ɗin a irin wannan motar ana ja mata siririyar waya daga makulli don ta san inji na aiki.

Bonet kuma ni ban baka shawara ba. Zafin wurin in an yi doguwar tafiya ka san ko hannu baka iya ajiyewa, shi kuma batirin dalma duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana rage masa kusan rabin tsawon rayuwarsa, lityum ma ba a magana. Sa shi a but cikin akwatin batir, a ɗaure shi da bodi da ƙarfe ko bel mai kyau, don abu mai kilo 13 balle 30 in ya taso a birkin gaggawa ba wasa bane. Cajar ma kusa da shi ake sa ta ba a gaba ba, inda iska ke ratsawa don tana ɗumi.

Yanzu waya, nan ne aka fi cutar mutane. Caja mai bada 25A tana jan wajen 30A daga gaba. Daga bonet zuwa but ka ce mita 6, zuwa da dawowa 12. In aka sa maka waya mai kauri 6mm² zaka yi asarar wajen 1V a hanya kuma wayar zata ɗumama, 10mm² asarar ta sauko wajen 0.6V, 16mm² wajen 0.4V. Ni 16 nake sawa in tsawon ya kai haka. Ka kuma tabbatar jan ƙarfe ne zalla, akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare bakinta da wuƙa in ka ga fari a ciki ajiye musu kayansu. Kar ka duba kaurin roba, cikin zaka duba.

Fiyus biyu ne a kan wayar fositib, ɗaya dab da batirin gaba ɗaya dab da na baya, don kowanne ɓangare batir ne a bayansa, in wayar ta goge ta taɓa bodi a tsakiya ta ko'ina wuta zata zo. Duk inda waya zata ratsa ƙarfe a sa mata roba a ramin. Sannan firij da fitilu da fanka kowanne da nasa ƙaramin fiyus a ɗan akwatin fiyus.

Shi firij ɗin ma ka raba shi da soket ɗin sigari, filoginsa baya kamawa da kyau, gargada kaɗan ya saki baka sani ba sai ka buɗe ka tarar komai ya huce, wani lokacin ka taɓa kan filogin kaji zafi har robar ta fara narkewa. A sa masa filogi mai kullewa ko irin na Anderson da waya mai kauri. Akwai wani abu da firij ke yi da ke ruɗa mutane, zaka ji kwamfiresa ya yunƙura zai tashi, ya yi ɗan gurnani ya tsaya, fitilar kuskure ta kama ƙiftawa, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa, alhali batir cike yake. Siririyar waya ce, lokacin tashi yana jan wuta da yawa sai bolt ya faɗi a bakin firij ɗin, shi kuma yana da kariyar da ke kashe shi in wuta ta yi ƙasa, sai ya ɗauka batir ne ya ƙare. Kariyar nan yawanci mataki uku ce, in kana kan batirin tada mota sa ta a na sama don ta bar maka abin tashi, in ka koma batir na biyu sai ka sauke ta.

Maganar butar uwargida, a gaya mata zai yiwu amma da tsada. Wat 1000 a kan 12V ya haura 80A, da asarar inbata ka ce 95A. Tafasa lita ɗaya bai wuce 8 ko 9Ah ba, ba shine matsalar ba, yawan wutar da ake ja a lokaci guda ne. Lityum 100Ah da yawa BMS ɗinsu 100A ne iyakarsa, kana bakin gaɓa kenan, AGM kuma in ka ja masa haka bolt ɗinsa zai zube inbata ta kama ƙara. Ga inbata babba, ga waya mai kauri kamar ta kik, duk don ruwan zafi. Ƙaramin risho na gas ya fi sauƙi. Laftof ma in akwai, nemi cajarsa ta mota mai 12V, ba sai an kai wuta 230V an sake dawo da ita ba.

Tunda zama kuke wuri ɗaya, sola ce zata cece ku ba girman batir ba. Fanel mai naɗewa na wat 200 in rana ta fito sosai kuma kana juya shi yana kallonta zai baka wajen 50Ah a yini, daidai abinda kake ci. Ɗauki mai naɗewar da doguwar waya, mota na inuwa shi yana rana. In ka kafe shi a rufin mota dole ka ajiye motar a rana, firij kuma ya ƙara cin wuta. Ni da nine kai, LiFePO4 100Ah, DC-DC 25A mai wurin sola, fanel 200. In aljihu bai kai ba AGM 120Ah da caja iri ɗaya, ranar da ka samu hali ka canza batir kawai ka juya saitin cajar.

Dan_Zango ya rubuta:

Ni fa duk wannan jan wayar ne bana so, shi yasa na ɗauki irin akwatin nan da komai ke ciki, batir da inbata da soket da wurin sola, ka ɗauka ka sa a mota ka sauke a tanti ba ruwanka da mai rewaya (afuwan Oga Sabo). Sai dai su da Wh, wato wat sau awa, suke rubuta ƙarfinsu ba Ah ba, in zaka kwatanta, lityum 100Ah sau 12.8V shine 1280Wh, don haka mai 500Wh da ake ta talla ko yini ɗaya ba zai kai Abban Hanif ba. Kuma cajinsa a soket ɗin mota a hankali ne, wajen wat 100 yake sha, mai 1000Wh sai ka yi tafiyar awa goma kafin ya cika daga ƙasa, dole dai sai da sola. In ka ɗauka ka jona firij ta wurin 12V ɗinsa ba ta inbata ba, kuma ka shiga saiti ka kashe abin nan da ke kashe soket da kansa in ya ga ba a jan wuta, don in kwamfiresa ya tsaya hutawa sai ya ɗauka ba kowa ya rufe, firij ya kwana a kashe.

Injiniya_Bilkisu ta rubuta:

Ina tare da Oga Sabo a kan haɗin da ya faɗa, sai dai in ƙara cewa kafin ka jona fanel ɗin ka duba iyakar bolt da wurin sola na cajar ke karɓa, ka kwatanta da wanda aka rubuta a bayan fanel, don wasu masu naɗewa suna zuwa da nasu kontirola a manne a baya, in zaka bi ta DC-DC dole a tsallake wannan, kontirola biyu a jere basa aiki tare.

Sannan kana iya rage cin firij ɗin tun daga gida. Jona shi da wutar gida tun daren tafiya ya yi sanyi, kayan da zaka zuba su ma su fito daga firij ɗin gida da sanyinsu, saita shi a digiri 3 ko 4 ya isa. In kana loda but kar ka toshe ramukan iskan da ke gefen kwamfiresa da jakunkuna, bar masa kamar faɗin tafin hannu, in akwai rigarsa mai hana zafi sa masa. Ruwan da yara ke yawan nema kuma a ware musu a kula daban don a rage buɗe-buɗe.

Abban_Hanif ya rubuta:

Na duba bonet yanzu, ɗan baƙin akwatin nan na nan a kan nagatib da siririyar waya, kenan isoleta ta fita a lissafi. Gobe zan gwada da mita a hanya in tabbatar. Oga Sabo fiyus ɗin guda biyu na amfiya nawa zan nema in cajar 25A ce da waya 16?

Sabo_Rewaya ya rubuta:

Littafin cajar zai faɗa maka, bi nasu, amma yawanci 40A ake sawa ga mai 25A, kuma waya 16 ta fi ƙarfin haka nesa don haka fiyus ne zai riga ta ƙonewa. Nemi irin wanda ake ɗaurewa da noti ba mai gilashin nan na masu sifika ba, shi wancan bakinsa na saki ya yi zafi. Ka sayi guda ɗaya ko biyu na ajiya ka jefa a aljihun gaban mota tare da sifana lamba 8 da 10.